In Ƙasa Ta Motsa a Mile 3, Wane Gini Zai Tsaya?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, manya da yara, har da waɗansu malamai, wai Nijeriya ba ƙasar girgiza ba ce, sai dai mu ji labarinta a rediyo. Ni a ganina maganan nan rabinta gaskiya ne, rabinta kuwa barci, kuma barcin ya fi hatsari ga 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, irin su Mile 3 a Fatakwal da unguwannin Hausawa na Anaca da Inugu. In Edita ya ba ni fili zan faɗi dalilina, gama mu da za mu fita mu koyar da 'ya'yan jama'a bai kamata mu riƙa maimaita abin da ba mu auna ba.

Bari mu fara da rabin da ke gaskiya. Masana sun ce ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, a tsattsage ya ke kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, kuma galibin manyan girgiza a bakin ɗinkin su ke aukuwa. Japan da Turkiyya da Cile duk a bakin ɗinki su ke zaune. Mu kuwa Allah ya ajiye mu a tsakiyar sakaina, nesa da baki. Wannan ni'ima ce, sai godiya.

Amma sakainar tana da tsofaffin tabo, kuma tabon ya kan motsa. Ran 22 ga Yuni 1939 ƙasa ta girgiza a Ankara, babban birnin Gana, ta kashe kusan mutum 20, ta raunana fiye da 100, har a Ikko an ji ta. A Disamba 1983 ta auku a arewacin ƙasar Gini, mutum fiye da 200 suka rasu. A nan gida an ji ta a Ijebu-Ode da kewaye cikin 1984. A 2016 mutanen waɗansu garuruwa na kan iyakar jihohin Bayelsa da Ribas sun ji ƙasa ta motsa, cikin Satumba na shekaran nan kuma ta tsattsaga bangwaye a Kwoi ta jihar Kaduna. A Satumba 2018 ta yi kwana uku tana firgita mutanen Mpape a Abuja, har hukuma ta tsai da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a wurin. Dutsen Kamaru kuma, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, nisansa da Fatakwal bai kai mil 200 ba. Ba don wasa ba ne gwamnati ta kafa ma'aikatar sauraron motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauci.

Wani zai ce ai duk waɗannan na gida ƙanana ne. Haka ne. To, amma a dubi Agadir ta ƙasar Maroko. Daren 29 ga Fabrairu 1960, cikin watan azumi, ƙasa ta motsa kamar sakan 15 kurum. A ma'aunin masana ƙarfinta bai kai 6 ba, watau matsakaiciya ce, duk shekara a kan yi irinta da yawa a duniya ba wanda ya ji labari. Gari ya waye mutum wajen 12,000 sun riga mu gidan gaskiya. A dubi kuma shekarar 2010. Girgizar Haiti ƙarfinta 7.0, ta Cile 8.8, kuma da ya ke kowane mataki guda a ma'aunin nan ya ninka na ƙasa da shi wajen sau 32, ta Cile ta fi ta Haiti ƙarfi kusan sau 500. A Cile waɗanda suka mutu ba su kai 600 ba. A Haiti sun haura 100,000, gwamnatinsu ma ta ce sun wuce 200,000. Mutumin da girgiza ta tarar a fili, iyakarta ta kayar da shi, ya tashi ya kaɗe rigarsa. Wanda ta tarar a ɗaki, hukuncinsa yana hannun wanda ya gina ɗakin.

Saboda haka abin da ya kamata mu sani shi ne yadda gini ke yi in ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta motsa. Abin ba shi da wuyar ganewa ko kaɗan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan babbar mota ya sani, in direba ya fizge ta, ƙafafunka su ke tafiya da motar, kai da kafaɗu a bar su a baya, sai ka ji ka yi baya taga-taga. Ba wanda ya ture ka. Nauyinka ne ya ƙi tashi daga inda ya ke. To, haka gini ya ke. Ƙasa ta fizgi harsashi ta yi gabas da shi, bene na sama yana nan inda ya ke. Kafin ya biyo, ƙasa ta komo yamma. Abin da ke tsakani, watau ginshiƙai da bangwaye, su ke shan wahalar wannan ja-in-ja. Magini kuwa tun da ya fara sana'a abu guda ya sani, nauyi daga sama ya ke zuwa ya danna ƙasa. Bai taɓa shirya gininsa don turi daga gefe ba. Ka ɗora bulo goma kan juna, ka hau kai ka tsaya, za su ɗauke ka. Yaro ƙarami ya tura su daga gefe, sai su zube.

Turin nan kuma gwargwadon nauyin gini ya ke. In fizgar ƙasa ta kai kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa, ginin da ya yi tan 1,000 zai ji kamar an tura shi daga gefe da tan 100, ko fiye. Shi ya sa ɗakin katako da kwano, irin wanda a ke kira baca a bakin ruwan Fatakwal, wanda kowa ke rainawa, ba ya cikin abin tsoro a wannan babi. Shi wuta ce abokiyar gabarsa. Shi ya sa kuma soron ƙasa irin namu na gida, mai kaurin bango da rufin azara da aka labta wa ƙasa, ya ke cikin mafi hatsari, ko da ya ke ya fi kowane ɗaki daɗin kwana da bazara. Irinsa ne ya danne mutum fiye da 26,000 a birnin Bam na Iran a 2003, irinsa ne kuma ya zube a ƙauyukan duwatsun Maroko a Satumba 2023.

Sa'an nan akwai maganar lilo, wadda ita ce ta fi ban mamaki. Kowane gini yana da nasa lilo, watau lokacin da ya kan ɗauka ya je ya komo in an kaɗa shi. Injiniyoyi suna da wani ɗan lissafi na kai tsaye: a raba yawan hawa da goma. Gini mai hawa 2 ya kan je ya komo cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan, mai hawa 10 kuwa wajen sakan guda. Yarinya mai ɗauko ruwa a bokiti ta san sirrin nan ko ba ta shiga aji ba. In takunta ya yi daidai da kai-komon ruwan, sai ya yi ta ƙaruwa har ya fantsamo mata, ko da a hankali ta ke tafiya. In ta sāke taku, sai ya kwanta. Haka in kai-komon ƙasa ya dace da lilon gini, kowace fizga sai ta ƙaru kan ta baya, har gini ya yi layin da ginshiƙansa ba su iya jurewa.

Birnin Meziko ya ga wannan ran 19 ga Satumba 1985. Inda girgizar ta taso ya fi mil 200 daga birnin, can bakin teku. Amma tsakiyar birnin a kan tsohon tafki aka gina shi, ƙarƙashinsa yumɓu ne mai laushi. Da motsin ya iso, sai yumɓun nan ya karɓe shi ya riɓanya, ya shiga kai-komo a hankali, wajen sakan 2 kowane zuwa da dawowa. Ƙananan gidaje da yawa suka tsira. Wani dogon bene mai hawa 44 ya tsaya ƙyam. Waɗanda suka fi zubewa su ne na tsakiya, masu hawa 6 zuwa 15, domin da sun fara tsagewa sai su yi laushi, lilonsu ya ƙara jinkiri, ya je ya haɗu da na ƙasa. Unguwannin da ke kan tudu mai dutse kuwa, a cikin birni guda, ɓarnarsu kaɗan ce.

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Ka ɗauki ƙwaryar kindirmo da ƙwaryar da aka cika da dutse, ka ɗan buge su da hannu. Dutse ya motsa sau ɗaya ya tsaya, kindirmo kuwa ya yi ta rawa. Kano da Zariya a kan dutse su ke, tsohon dutse mai tauri. Inugu tana gindin tuddan Udi, ƙasarta da dama-dama. Amma Fatakwal a kan abin da Kwara ta kwaso ta zubar ta ke, yashi da laka da yumɓu masu zurfin gaske, ruwa kuma yana kusa, kowa ya san ba a yin nisa da haƙa a Diobu kafin a tarar da shi. Gefen Anaca na bakin kogi, wajen Fegge da Okpoko da gindin gada, shi ma kwari ne. A Ankara ma cikin 1939, unguwannin da ke kan yashi da laka kusa da bakin ruwa su suka fi shan ɓarna. Yashi mai jiƙe da ruwa yana da wata muguwar ɗabi'a kuma: in an kaɗa shi da ƙarfi sai ya saki jiki ya koma kamar kunu. A Niigata ta Japan cikin 1964 an ga manyan benaye sun kishingiɗa a gefe ɗungurungum, ko tagoginsu ba su farfashe sosai ba, ƙasa ce ta ƙi ɗaukarsu.

Yanzu a bi titin Ikwerre a dubi irin benen da mutanenmu ke haya a ciki, ko a shiga Anaca, garin da bene mai hawa 4 da 5 ya yi yawa kamar jamfa a Jos. Hawan ƙasa shaguna ne. Gabansa duk ƙofofin ƙarfe ne a jere, ba bango, sai 'yan siraran ginshiƙai tsakanin shago da shago. Sama kuwa ɗakunan kwana ne cike da bangwayen bulo, ko sito da aka danƙare da buhuna. A can ƙoli ga tankunan ruwa. Watau ƙaton mutum ne mai kaya niƙi-niƙi a ka, tsaye a kan ƙafafun sauro. In turi ya zo daga gefe, hawan sama ba su lanƙwasa, gama bangwaye sun ƙanƙame su, sai duk lanƙwasar ta taru a kan siraran ginshiƙan nan na ƙasa. Su karye, bene ya zauna a kan shaguna. Wanda ya ga hotunan Turkiyya na Fabrairu 2023, inda mutum fiye da 50,000 suka halaka a can da Siriya, ya ga benaye birjik waɗanda samansu ke nan lafiya, hawan ƙasa ya ɓace kamar ba a taɓa yinsa ba. To, wa ke zaune a hawan ƙasa a Mile 3? Mai shago ne da yaransa, da mai shayi a bakin ƙofa, da maigadi da ke shimfiɗa tabarma a nan da dare.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu da kanmu mu kan ƙara wa Barno dawaki. Ciniki ya buɗe, mutum ya kama shagon maƙwabcinsa, ya kira birkila ya fasa bangon da ke tsakani don wuri ya yi faɗi. Wani har ginshiƙi ya kan sa a sassaƙe, wai yana tare wa kanta hanya. Mai gida ba ya magana tun da an ƙara masa kuɗin haya. Ba wanda ya tambayi abin da bangon nan ke riƙe da shi.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce zazzaɓi da gobara da ambaliya sun ishe mu, ina mu ina damuwa da abin da watakila har mu mutu ba za mu gani ba? Da ina neman a kashe kuɗi a ɗora benayenmu kan matasan roba irin na Japan, da wannan magana ta kayar da ni. Ba shi na ke nema ba. Ginin da zai jure matsakaiciyar girgiza shi ne dai ginin da ba zai faɗi don kansa ba, mu kuwa namu suna faɗuwa ƙasa tana kwance lafiya lau. Ran 23 ga Nuwamba 2018 bene mai hawa 7 da a ke cikin ginawa ya rufta a titin Woji cikin Fatakwal, ya danne ma'aikata. Ran 1 ga Nuwamba 2021 mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Ikko, mutum fiye da 40 suka mutu. A Agusta 2022 an yi a titin Beirut cikin Kano. Ran 12 ga Yuli 2024 makaranta ta rufta a Jos yara suna cikin aji, aka rasa rai 22. Ginin da nauyin kansa ya kayar da shi, ina labari in an kaɗa shi? Kuma a tambaya a ji su wa ke haƙan harsashi da ɗaukar kwanon kankare a irin waɗannan wurare a Kurmi. Sau da yawa yaranmu ne 'yan ci-rani.

Za a kuma ce ƙaddara ce, in ajali ya zo ko a ɗakin ƙarfe ka ke sai ka tafi. Babu musu. Amma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bar shagonsa a buɗe da dare ya ce in Allah ya ƙaddara sata za a yi ba. Kwaɗo biyu ya ke sawa, ya kuma biya maigadi. Wanda ya rage rodi don ya sami rarar kuɗi, gini ya faɗa kan bayin Allah, bai kamata a bar shi ya fake a bayan ƙaddara ba.

Magana ta uku ita ce mai nauyi: mu baƙi ne, 'yan haya, ba mu muka gina ba. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Masallatanmu da makarantun Islamiyya a Fatakwal da Anaca da Inugu, mu ke gina su da karo-karo, kuma kowa ya san yadda a ke yi. Bana a yi hawa ɗaya a bar rodi tsirara yana shan ruwan sama yana tsatsa. Bayan shekara uku wani mai hali ya ba da gudummawa, a ɗora na biyu. Jama'a ta ƙaru, a ɗora na uku a kan harsashin da aka haƙa don ɗaya. Masallaci kuwa da ma fili ne mai faɗi ba bango a tsakiya, ginshiƙai kaɗai ke ɗauke da dakin. Kuɗin da a ke samu a Kurmi kuma da shi a ke tayar da benaye a Kano da Sakkwato da Katsina. Ɗan haya ma yana da ido, yana da ƙafa. In Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa suka tsaya cewa ba mai fasa bango ko taɓa ginshiƙi sai injiniya ya duba, magana ta zauna.

Abin da ke tsai da ginshiƙi kuwa ba shi da tsada yadda a ke zato. A cikin kowane ginshiƙi akwai rodi na tsaye, akwai kuma zobba da ke ɗaure su, waɗanda magina ke kira ringi. Aikin zobban nan kamar igiyar da ke ɗaure damin kara ne. Kara ɗaure ya kan ɗauki mutum, in igiya ta tsinke kowane ya kama gabansa. Sa'ad da gini ke layi, kan ginshiƙi da gindinsa su ke fara murƙushewa, saboda haka a nan a ke so zobba su matsu, tsakaninsu kamar faɗin tafin hannu, a kuma lanƙwasa bakin kowane zobe ya shige can cikin kankare, don kada ya buɗe in bayan ginshiƙin ya ɓare. Magininmu kuwa ya kan ba su tazarar taƙi guda ko fiye, ya ɗan naɗe bakin sama-sama, don ya rage 'yan sanduna kaɗan. Haka linta, maimakon a ɗan ɗora ta bisa ƙofa da taga kaɗai, in aka zagaya da ita gidan duka sai ta zama ɗamara, bangwaye huɗu su motsa tare. Sai siminti isasshe, da yashi marar gishiri da laka, abin lura ƙwarai a bakin teku, gama gishiri ya kan cinye rodi daga ciki. Sai shayar da kankare ruwa kwana bakwai a ƙalla. Bulon da za ka murje da yatsa ya zube, araha ce wadda ba ta ado. Nijeriya ta tsara dokokin gini na ƙasa tun 2006, amma takarda ba ta riƙe bene, sai wanda ya tsaya a wurin ranar da a ke zuba kankare.

To, ina ruwan malamin makaranta? Ruwansa da tsaki. Yaran da ke gabanmu su ne birkiloli da 'yan kwangila da masu gidajen gobe, kuma darasin nan ba ya bukatar kayan aiki daga Ingila. A sami katako, a kafa masa tsinken kwakwa uku, gajere da matsakaici da dogo, a liƙa wa kowane curin yumɓu a ka. A ba yaro ya riƙa turawa yana jawowa. In ya yi sauri, gajeren ne zai haukace, dogon yana tsaye. In ya sassauta, sai dogon ya kama layi. A cika tire da jiƙaƙƙen yashi, a ɗora dutse, a yi ta bugun gefen tiren, yara su ga ruwa ya taso dutse yana nutsewa. A ɗora bulo a kan kara huɗu a tura, sa'an nan a gicciya waɗansu karare a ɗaure a sāke turawa. Yaron da ya ga waɗannan da idonsa, in ya girma ba za a sa shi ya sassaƙe ginshiƙi ba.

Akwai kuma abin da ya shafi ranmu da na yaran kai tsaye. Sa'ad da ƙasa ta girgiza a Alƙahira ran 12 ga Oktoba 1992, mutum fiye da 500 suka mutu, a cikinsu har da 'yan makaranta waɗanda ba gini ne ya faɗa musu ba, turereniya ce a kan matakala. Yawancin makarantun bene da za a tura mu, a Diobu ko Fegge ko Fagge, matakala guda gare su, wata ma da ƙofar ƙarfe a gindinta wadda a ke kullewa don masu makara. Abin da masana suka koyar shi ne, in ƙasa ta motsa kana cikin aji, a durƙusa, a shiga ƙarƙashin tebur, a riƙe ƙafarsa, a nisanci taga, sai motsi ya tsaya a fita a layi zuwa fili. Gwada wannan sau ɗaya a zango ba zai ci minti 10 ba, ranar gobara ma zai yi amfani. Duk wanda aka tura koyarwar gwaji bana, ina roƙonsa ran da ya isa ya ƙirga matakalan makarantar, ya dubi gindin ginshiƙai ko akwai tsaga ko rodi a waje, ya kuma tambayi hedimasta a hannun wa mabuɗin ƙofar nan ya ke kwana.